Mun sayi tsohon jirgin ruwa mai filafili a Dakar: me za mu fara gyarawa, ina za mu fara zuwa?

Wani bawan Allah ya rubuto daga Maraɗi, inda ya zo hutu gida. A Dakar yake aiki, shi da ƙanensa. Sun haɗa kuɗi sun sayi tsohon jirgin ruwa mai filafili, irin wanda iska ke turawa, daga hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Ƙirar Faransa ne, na 1984, tsawonsa mita 10, jikinsa na fayiba, da injin gazuwal na Yanmar mai silinda biyu. Ya shekara biyu a ɗaure a mashigin Han ba ya tafiya. Saninsu da ruwa bai wuce kwale-kwalen tafkin Madarunfa da ƴar fita sau uku da suka yi tare da mai jirgin ba. Suna so su tafi tsibiran Kabo Berde a watan Disamba, yana tambayar abin da ya kamata su gyara kafin su tashi.

Malam, Allah ya sanya albarka a abin da kuka saya. Bari mu fara da abin da ba za ku so ji ba: ku ajiye maganar Kabo Berde a bana. Daga Dakar zuwa Praya, babban birnin Kabo Berde, mil ɗin teku ne wajen 350, kilomita 650 ke nan, kamar daga Maraɗi zuwa Yamai. Jirgi irin naku idan iska ta yi daɗi yana cin mil 5 a awa, abin da bai fi kilomita 9 da ɗoriya ba. Kwana uku ke nan dare da rana, kuma a hanyar babu Ƙonni babu Dogonduci da za a tsaya a nemi makaniki. Zuwan ma shi ne mai sauƙi, don iskar wannan lokacin daga arewa maso gabas take busowa. Dawowa kuwa sai an yi kokawa da ita, jirgi a karkace, ruwa na dukan goshi, wannan kuma aikin waɗanda suka goge ne.

Jirgin da ya shekara biyu a ruwan kwance, ruwan ne ke rufa masa asiri. Tiyon da ya bushe bai tsage ba don ba abin da ya lanƙwasa shi. Dattin tankin gazuwal ya kwanta a gindi. Wayar da tsatsa ta ci daga ciki tana nan tsaye don ba a ja ta ba. Ranar da teku ta fara jijjiga jirgin duk za su fito, kuma sukan fito tare, cikin awoyin farko. Aikinku a watannin nan shi ne ku tono aibin da hannunku a kan tudu, wanda ya ɓuya kuma ku sa ya bayyana kusa da gaɓa, inda za a iya jawo ku. Kuɗinku kuma su fara tafiya wurin abin da ke hana ruwa shigowa, da abin da ke riƙe ginshiƙin filafili, da tuƙi, da inji. Sabuwar katifa da fentin ɗaki su jira.

Ku fitar da shi daga ruwa tukuna. Idan da hali ku biya ƙwararren mai duba jiragen ruwa ya zo ranar, amma ba abokin wanda ya sayar muku ba. Kafin ya iso, ku ɗaga duk katakon daɓen ciki ku ƙirga ramukan da aka huda a jikin jirgin ƙasa da inda ruwa ke tsayawa. Mai mita 10 yakan sami biyar zuwa takwas: na shigar ruwan sanyaya inji, biyu na ban-ɗaki, na wurin wanke kwanuka, na na'urar auna zurfi da ta auna gudu. Waɗanda tiyo ya fita daga cikinsu kowanne da bawul ɗinsa. Ku buɗe ku rufe da hannu kawai. Wanda ya ƙi motsi kada ku sa masa bututu ku danna, a canza shi. Sannan ku kankare jikin kowanne da bakin wuƙa. Idan ƙarfen ya fito rawaya mai sheƙi, lafiya. Idan ya fito jaja-jaja kamar garin bulo, ruwan gishiri ya tsotse zinkin da ke cikinsa, abin da ya rage yana karyewa kamar ƙuli-ƙuli. Irin wannan ne ke samun bawul ɗin famfon gida, don haka kada araha ta sa ku sayo na masu kayan famfo a kasuwa. Na buronz ake sawa, ko na roba mai tauri da aka yi don teku.

Ga dalilin da ya sa muka daɗe a nan. Rami mai faɗin milimita 25, rabin mita ƙarƙashin ruwa, yana shigo da fiye da lita 50 a minti ɗaya. Duron lita 200 bai kai minti huɗu ba ya cika. Na ban-ɗaki, mai milimita 38, ya haura lita 100 a minti. Famfon hannu na jirgi da kyar yake kai wa na farkon, kuma mai bugawa yakan gaji kafin kwata na awa. Saboda haka kowane tiyo da ke ƙasa da ruwa a ɗaure shi da maɗauri biyu na inokis, ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, a matsa shi da hannu a ji: wanda ya yi tauri kamar icce ko ya nuna tsaga a lanƙwasa, ya gama aiki. Kusa da kowane bawul a ɗaure toshiyar katako mai tsini da ƴar igiya, daidai girman ramin, yadda ko a duhu hannu zai same ta. Wannan tun kuna Maraɗi kafinta zai fiƙe muku su, ku dai ce masa katako mai laushi, don shi ne ke kumbura a ruwa ya toshe sosai.

A waje, ku duba mahaɗar kil da jikin jirgi. Kil shi ne ƙarfen nan mai nauyi da ke rataye a ƙasa, wanda ke hana jirgi kifewa, kuma manyan kusoshi ne suka riƙe shi daga ciki. Siririyar tsaga a fenti ba komai ba ce. Amma idan ruwan tsatsa na gangarowa daga mahaɗar bayan sauran jikin ya bushe, ko kuka ga fayiba ta tsattsage a ciki kewaye da notin baya, jirgin ya taɓa dukan ƙasa da ƙarfi, a nan sai ƙwararre ya yi magana. Ƙurajen da za ku gani a jikin fayiba, waɗanda in an huda suke fitar da ruwa mai warin binega, su ne aka fi tsorata sababbin masu jirgi da su, alhali ba kasafai suke nutsar da jirgi ba. In ƴan kaɗan ne a buɗe su, a wanke da ruwan daɗi, a bari su bushe sarai, a cike da efoksi, wani irin gam mai ƙarfi. Allon tuƙi ya fi su muhimmanci. Ku kama shi ku girgiza: in yana kaɗawa a mazauninsa, ko ruwa na ɗiga daga gindinsa kwana biyu bayan fitarwa, ruwa ya shige shi, ƙarafan da ke ciki na iya zama sun ruɓe. Ku nemo sandar tuƙin gaggawa, ku saka ta ku gwada tun yanzu, don sau da yawa ana samun murfin mazauninta ya cije.

Ku girgiza sandar farfela ita ma. In tana motsi fiye da kaurin farce, robar da ta riƙe ta ta cinye. Inda sandar ta ratsa jikin jirgi akwai abin da ke tare ruwa. In tsohon yayi ne mai zare da noti, a sa sabon zare, a ɗaure yadda zai riƙa ɗigo kaɗan a minti sa'ad da sandar ke juyawa, don ɗigon ne ke sanyaya shi. In aka matse har ya bushe ƙaf, zai yi zafi ya ci sandar. In na baƙar roba ne, irin na Volvo, ba ya ɗigo, amma bayan an mayar da jirgi ruwa sai an matsa bakinsa iska ta fita ruwa ya tsirto, in ba haka ba ya ƙone. Dunƙulen zinkin da ke kan sanda a canza shi da ya cinye rabi, kuma ba a shafa masa fenti, don aikinsa ke nan a ci shi a bar farfela. Fentin ƙasa mai hana ƙwari da ciyawar ruwa mannewa, shafi biyu, lita 5 zuwa 6 za su isa. Tsohon kuma a goge shi da ruwa, da takunkumi a hanci, ƙurarsa guba ce.

Yanzu ginshiƙi. Wayoyin inokis ne ke riƙe shi, gaba da baya da gefe biyu, kaurinsu a jirgi irin naku milimita 6 ko 7. Ku tambayi wanda ya sayar muku takardar shekarar da aka canza su. In babu takarda, ku ɗauka sun tsufa. Abin da aka saba shi ne canzawa bayan shekara goma, kamfanonin inshora da yawa ma haka suke nema. Matsalar inokis ita ce yana ruɓewa inda iska ba ta kai masa, a waje kuma yana ta ƙyalli. Wurare biyu ya fi cin amana. Na farko shi ne gindin waya, inda aka matse ta cikin bututun ƙarfe: ruwa na bin waya ya taru a nan, tsatsa ta kumbura ta tsaga bututun. Ku goge shi ku duba da gilashin ƙara girma, siririyar tsaga a tsaye ta isa hujja. Ku zagaya wayar da tsumma, in ya maƙale, zare ɗaya ya tsinke, kuma in ɗaya ya tsinke ƴan'uwansa sun gaji tare da shi. Na biyu shi ne faifan ƙarfen da wayar ke kamawa, daidai inda ya ratsa rufin jirgi. Sama lafiya, ƙasa lafiya, tsakiyar da ba a gani ta cinye. In kuka ga zanen tsatsa ko katako ya yi baƙi a ciki ƙarƙashinsa, a zare shi a gani. Mu dai a ganinmu, jirgin 1984 da ba a san tarihin wayoyinsa ba, a sauke ginshiƙin gaba ɗaya a canza su, a duba fitilu da ƴan tayoyin da igiya ke bi na can sama tun yana kwance. Shi ne kashe kuɗi mafi ciwo a duk aikin, mun sani. Ku kuma bi kowane fil da ke haɗa waya da mazauninta ku tabbatar ƴar ƙusar da ke hana shi zamewa tana nan, an buɗe ƙafafunta. Abin da kuɗinsa bai kai na buhun ruwan leda ba yana iya kayar da ginshiƙi.

Rufin jirgi ku taka shi ba takalmi. Inda kuka ji yana lotsawa, ruwa ya shiga katakon da ke tsakanin fayiba biyu. In kusa da gindin ginshiƙi ne ko inda ƙarafan tsaro suke, a gyara kafin tafiya, in can gefe ne zai jira. Filafilai kuma rana ce ke kashe su, kun san ranar ƙasashenmu. Ku karce ɗinki da farce, in zaren ya tsinke a kai wa mai ɗinki ya bi duka. In ƙyallen ne da kansa ke yagewa da ɗan ja, ɗinki ba zai cece shi ba.

Inji irin naku mai jimiri ne, abin da ke kashe shi a teku galibi gazuwal ne. Tankin da ya shekara biyu rabinsa iska yana tara raɓa, ruwan ya kwanta ƙarƙashin mai, wasu ƙwayoyin halitta su hayayyafa a tsakani su zama baƙin kunu. A mashigi injin zai yi ta aiki lafiya lau. Da raƙuman ruwa sun kaɗa tankin, kunun ya tashi ya toshe filta, injin ya yi ta sama da ƙasa ya mutu, yawanci daidai lokacin da kuke shiga wuri mai ƙunci. A zuƙe man duka, a buɗe tankin a share gindinsa da hannu. In ba shi da murfin buɗewa, a zura tiyo har gindi a tsotse sai abin da ke fitowa ya yi garau. A canza filta biyu, ta farko mai raba ruwa da ta jikin inji, ku tafi da aƙalla uku-uku a ajiye. Sannan ku koyi fitar da iska daga layin mai, ku biyun, har kowa ya iya shi ba tare da tunani ba: a sassauta ƴar kusar da ke kan filta, a yi ta danna ƙaramin famfon hannu na jikin inji har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, a ɗaure. Duk wanda ya taɓa fama da janareto ko injin ban-ruwa a fadamar Gulbi ya san aikin, bambancin kawai a nan za ka yi shi kai a ƙasa, ana wujijjiga ka, warin gazuwal na tayar maka da zuciya. Injin zai sha wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu a awa, ku yi lissafi da biyu, ku ƙara bidon guda mai tsabta. In tankin ya ba ku kunya a hanya, ana iya zura tiyon shiga da na dawowa kai tsaye cikin bidon ɗin.

Ruwan teku ne ke sanyaya shi, ƴar farfelar roba ce ke jawo ruwan. Wadda ta zauna shekara biyu fukafukanta sun sandare a lanƙwashe, a canza ta, a kuma riƙa canzawa duk shekara. In kuka tarar wani fiffike ya ɓalle, ku bi tiyo ku nemo guntun, yana can ya tare hanya. Duk tayar da inji, kafin komai, mutum ya leƙa baya ya ga ruwa na fita tare da hayaƙi. In babu, a kashe nan take. Ga kuma kuskuren da sababbi ke yawan yi: inji ya ƙi tashi, a yi ta murza makulli. Kowace murzawa tana tura ruwa cikin bututun hayaƙi, babu hayaƙin da zai kore shi, har ya cika ya koma cikin silinda. In ya wuce daƙiƙa talatin a jimlace bai tashi ba, a rufe bawul ɗin ruwa, a buɗe da zarar ya kama. Baƙin mai da filtarsa a canza yanzu, 15W-40 na injin gazuwal, sannan duk shekara ko duk awa 100 zuwa 150. In ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Bel ya lotsa kamar santimita ɗaya in an danna da yatsa.

Batir ba sai mun koya wa mutumin Maraɗi ba, kowa ya yi zama da sola. Cikakke a huce 12.6 ne ko 12.7, in ya nuna 12.2 ya kai rabi, inji na aiki ya kamata a ga 13.8 zuwa 14.4. Na tayar da inji a ware shi daban, kada firji ya shanye shi. Gas kuwa a jirgi ba kamar a tsakar gida ba ne. Ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya gangarawa yake ya taru a kwarin jirgi, ba ƙofar da zai fita, sai tartsatsi ɗaya. A canza tiyonsa da kan tukunyar, a gwada mahaɗai da ruwan sabulu, tukunyar ta zauna a akwatin da ke da ramin fita zuwa waje, a rufe ta daga kai duk an gama girki. Abin kashe gobara biyu, ɗaya a bakin ƙofa.

Anka, ƙarfen da ake sakewa da sarƙa ya kama ƙasan ruwa, ita ce birkinku. Mai kilo 12 zuwa 16, sarƙa mai milimita 8, a zazzage ta duka a ƙasa a duba, a yi mata alama duk mita 10. Ƙarshenta na ciki a ɗaure da igiyar da za a iya yankewa. Wajen saki, ku haɗa zurfin ruwa a cikar teku da tsayin goshin jirgi, ku ninka sau huɗu aƙalla, sau shida in iska ta tashi. A Dakar tsakanin cika da janyewa yakan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan an saki a ja baya da inji a hankali, a sa ido kan abu biyu a tudu da suka yi layi, in layin bai goce ba ta kama.

Sai ku kanku, kuma a nan za mu yi magana ba kunya. In akwai wanda bai iya iyo ba a cikinku, ba abin mamaki ba ne ga wanda ya tashi inda gulbi ke ƙafewa da rani, amma ya koya kafin Disamba. Rigar ceto mai hura kanta, mai lamba 150N a jikinta, kowa da tasa: a duba ƴar tukunyar iskarta ba ta yi tsatsa ba kuma a ɗaure take, a hura rigar da baki a bar ta kwana ɗaya a ga ko za ta sace. Da dare ko in teku ta tashi, kowa a ɗaure da jirgi da igiyar tsaro, don mutum biyu ne ku, in ɗaya ya faɗa, ɗayan zai tuƙa, ya sauke filafili, ya kuma riƙe ɗan'uwansa da ido, duka a lokaci guda. Ku jefa bidon ku yi ta gwajin komawa ɗauko shi har ya daina ba ku wuya. Rediyon VHF tasha ta 16 ce ta neman agaji. Kwale-kwalen ceto na roba da wutar neman agaji duk suna da ranar ƙarewa a jikinsu, ku karanta, na jirgin da ya zauna haka da wuya su kasance da sauran kwana. Wani abu kuma: a jirgi mutum ɗaya ke ba da umarni. In ƙanenku ya fi ku kama abin, Malam, ku bar masa jagoranci a ruwa, girman yaya yana nan yana jiranku a tudu. Ku yanke wannan tun a gida. Kuma fitowar farko da tafiyar farko ku ɗauki wanda ya san ruwan, ku biya shi. A kulob ɗin masu jiragen filafili na Han, wanda ake kira CVD, ba za a rasa wanda za a nuna muku ba.

Jirin teku zai kama ku, ba ragwanta ba ce, yakan lafa bayan kwana ɗaya zuwa uku. Maganinsa kafin tashi ake sha, kuma ku gwada shi a gida tukuna don wani yana sa barci. Wanda abin ya kama ya zauna a waje ya kalli nesa, ko a ba shi tuƙi. Ruwan sha lita 3 ga mutum a yini, wani a bidon daban ko da tanki ya ɓaci. Guzurin da ba ya son wuta shi ne na ranar farko: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, gari. Alwala da ruwan teku ta inganta, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, amma kada a naɗe igiyar guga a hannu jirgi na tafiya, gugan da ya cika yana iya fizge mutum. Alƙibla daga Dakar wajen digiri 74 take daga arewa, gabas ke nan da ɗan karkata arewa.

Tafiyar kanta ku hau ta kamar tsani. Makonnin farko tsakanin Han da tsibirin Gore kawai, da rana, ku dawo kafin la'asar. A nan za ku koyi rage babban filafili, ku fara gwadawa a ɗaure ba iska. Da kan raƙuman ruwa ya fara fari ko'ina, iska ta kai mil 15 zuwa 18 a awa ke nan, a rage, tun tunanin ya zo muku. Kowace fita ku fara nufar inda iska ke fitowa, don in wani abu ya lalace ita za ta maido ku gida. Ku bar inji ya yi awa biyu a jere cikin raƙuman ruwa da gangan. Ku kwana ɗaya a kan anka. Bayan kowace fita a ɗaga daɓe, a ɗanɗana ruwan da aka tarar: na gishiri daga ƙasa yake, na daɗi daga tanki ko rufi.

In wannan ya tafi lafiya sau biyar ko shida, sai kogin Salum, kudu da Dakar. Daga Dakar zuwa bakin kogin wajen mil 60 ne, kusan tafiyar Maraɗi zuwa Tasawa, amma awa 12 zuwa 14 a gare ku, yinin Disamba kuma bai kai haka ba. Ku tashi tun kafin asuba don ku isa da sauran rana. Lokacin da ya dace daga Nuwamba ne zuwa Mayu. Da damina hadari daga gabas yake tasowa farat ɗaya, kamar yadda kuka san shi a gida, kuma a irin wannan daren ne jirgin Joola ya kife a gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002. Hunturu na da nasa: hazo yakan rufe gaɓa har ba a ganin mil biyu. Ku nisanci tudu a wajen Mbur da Jowal, ruwan ba zurfi har can nesa. Babbar fitinar hanyar kuwa masunta ne, kwale-kwale ba fitila, taru mai tsawo da ƴar tuta ko galan a bakinsa. In taru ya naɗe farfela inji ya tsaya, sai an nutsa da wuƙa, shi ya sa ba ma son ku yi wannan gaɓar da dare. Tunda iska za ta kasance a bayanku, ku ɗaure sandar kwancen babban filafili da igiya zuwa gaba, don in iska ta zagayo ta ɗaya gefen sandar kan sharo da ƙarfin da ke fasa kai.

A bakin Salum kada ku ba GPS amana duka. A 1987 teku ta fasa zirin yashin Sangomar kusa da Jifer, tun daga nan bakin ke ta sauyawa, taswira kuma ba ta bin yashi. Ku tambayi wanda ya shiga kwanan nan, ku shiga da rana, ruwa na cikowa, ido a kan na'urar zurfi, don in kil ya taɓa yashi cikar ce za ta ɗaga ku. Dawowa arewa iska da igiyar ruwa duk a gaba suke, ku ba ta ninkin lokacin zuwa, ku tashi da sassafe kafin iska ta ƙarfafa, da cikakken tanki.

Takardu kada su zama na ƙarshe don mun kawo su ƙarshe. Ku riƙe takardar ciniki, ku san tutar ƙasar da jirgin ke ɗauke da ita, a mayar da rajistar da sunanku. Jirgin baƙo yakan shigo da izinin duwan na ɗan lokaci, wanda ya shekara biyu kuwa mai yiwuwa izinin ya ƙare, ku je duwan da hukumar harkokin teku ta ANAM ku ji matsayinsa tun bashin wani bai zama naku ba. Ranar tashi ku bar wa wani a Dakar sunan jirgi, inda kuka nufa da lokacin da zai fara neman ku in bai ji ku ba. Da kun sauke anka a Salum, kafin shayi, ku buɗe filtar farko ku ga abin da ta tara, ku taɓa kowane maɗaurin tiyo, ku bi gindin wayoyin ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya, sababbin wayoyi sukan saki kaɗan bayan tafiyar farko. Ku rubuta awoyin inji da litar da ya sha a littafi, da su za ku yi lissafin man komawa.